Bakin Mataki: Inda Daɓen Falanki Yake Haɗuwa da Matakalar Kankare

A gidajen bene da ake ginawa ko ake sabuntawa a Kumasi, daga Aboabo da Sawaba har zuwa sababbin unguwannin da suke bayan Asokore Mampong, daɓen falanki na kamfani ya fara samun gurbi kusa da tayil da tarazo waɗanda aka daɗe da sabawa da su. Shimfiɗa shi a falo ko a ɗakin kwana ba ya ba kafinta mai natsuwa wahala, domin falankan suna zuwa ne da gefe ɗaya namiji ɗaya kuma mace, ana cusa wannan cikin wancan su kulle ba tare da ƙusa ko gam ba. Sai aikin ya iso matakala ake gane gwanin hannu. A nan ne ake buƙatar sandar nan mai lanƙwasa wadda take rufe bakin kowane mataki, kuma idan aka ga matakalar falanki ta lalace da wuri, galibi daga wannan sanda ɓarnar take somawa.

Kafin a fahimci dalilin haka, sai an san halin daɓen kansa. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko shi ne laminet, wanda kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira a shekarar 1977, daga baya aka san shi da sunan Pergo. Cikinsa garin katako ne da aka matse da ƙarfi, a samansa akwai takarda mai hoton jijiyoyin itace, sannan wani shafi mai tauri da yake kare ta daga gogewa, kuma kaurinsa yakan kama daga milimita 7 zuwa 12. Na biyu shi ne falankin roba, musamman irin da ake rubuta wa SPC a jikin kwali, wanda ake haɗawa da garin dutsen farar ƙasa da robar PVC, kuma ya fi laminet siranta. Tun daga shekarun 1990, lokacin da kamfanonin Välinge na Suwidin da Unilin na Beljiyam suka fito da salon kullewa ba gam, yawancin irin wannan daɓe ba a manna shi da ƙasa. Yana kwance ne a kan siririn soso kamar yadda tabarma take kwance a tsakar ɗaki, nauyinsa ne kawai yake riƙe da shi.

An bar shi haka ne saboda yana motsi. Laminet yana shan danshin iska ya kumbura, ya kuma tsuke idan iska ta bushe, shi kuwa na roba zafi ne yake sa shi miƙewa, musamman inda rana take shigowa ta taga ta kwanta a kansa. Saboda haka masu ƙera su suke cewa a bar rata ta milimita 8 zuwa 10 tsakanin laminet da duk wani abu da yake a kafe, ko bango ne ko ginshiƙi ko dokin ƙofa. Wannan sharaɗi yana da nauyi na musamman a Kumasi, inda ake da damina biyu, babba daga wajejen Maris zuwa Yuli da ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan hunturu ya sauko da busasshiyar iskarsa daga Disamba zuwa Fabrairu. Daɓen da aka shimfiɗa a watan Janairu yana cikin mafi ƙanƙantar girmansa, kuma idan kafinta ya matse shi da bango don aikin ya yi kyan gani, zuwa watan Yuni sai a ga tsakiyar ɗaki ta tashi. Wanda aka shimfiɗa a tsakiyar damina kuwa tsukewa zai yi, ratar gefensa ta ƙara buɗewa idan hunturu ya shigo.

Matakala tana bin wata doka dabam, wadda ta saɓa wa wannan gaba ɗaya. Mai saukowa daga bene ba ya ɗora dukan tafin ƙafarsa a tsakiyar mataki. Gaban ƙafar ne yake fara sauka, kusa da baki, yana danna shi ƙasa yana kuma tura shi gaba a lokaci guda, da nauyin da ya zarce na mutum a tsaye saboda jikin yana gangarowa ne. Duk abin da yake wannan wuri, idan zai iya gusawa ko da kaɗan ne, to wata rana zai gusa da mutum a kansa. Shi ya sa ba a yarda a bar falanki sake a kan mataki ba. Ana cire soson ƙasa, a manne kowane falanki da gam a jikin matakin, a kuma kafe sandar bakin yadda ba za ta motsa ba. Ke nan a gida ɗaya, da kaya iri ɗaya, akwai ɓangaren da dole a bar shi ya yi motsi da ɓangaren da dole a hana shi, kuma sandar bakin mataki ita ce take zaune a kan iyakar da ta raba su. Duk sauran ƙa'idojin aikin daga nan suka samo asali.

Sandar tana zuwa da siffa biyu. Akwai wadda take daidai da falankin, samanta da samansa lebur ɗaya, tana kulluwa da shi ta gefen namiji da mace ko kuma ta jingina da shi ba tudu. Akwai kuma mai leɓe, wadda gefenta na baya yake hawa kan falankin ya rufe shi, ya bar ɗan tudu na milimita biyu ko uku. Ta farko ta fi kyan gani, ta fi daɗin takawa, kuma ita ce ta dace da matakan tsakiya inda aka riga aka manne komai. Ta biyu an yi ta ne domin ta ɓoye rata, don haka wurinta na asali shi ne matakin ƙarshe na sama. Baya ga waɗannan akwai ta alminiyam mai layin roba a tsakiya, irin wadda ake gani a bankuna da otel-otel da makarantu. Ba ta da kyau kamar mai launin itace, amma a gidan haya ko ofis inda ƙafa ba ta ɗaukewa, ni ita zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba, domin sandar laminet garin katako ce aka naɗe da takarda, kuma kusurwarta ce take fara cinyewa.

Takardar bayanin da take cikin kwalin kayan tana ɗauka cewa matakalar ta katako ce, kamar yadda take a yawancin gidajen Amurka da Ingila, shi ya sa ake ganin tana maganar buga ƙananan ƙusoshi a binne kawunansu. Matakalarmu ta kankare ce, an zuba ta a cikin katakon da kafintan gini ya haɗa da hannu, kuma da wuya a sami matakai biyu da suka zo daidai a tsawo da faɗi. Idan tayil za a sa, mai tayil yana gyara wannan bambanci da kaurin simintin da yake zubawa a ƙarƙashi. Falanki ba shi da wannan dama, saboda gam ba ya cike rami mai zurfi. Don haka mafi yawan aikin yana ƙarewa ne kafin a buɗe kwali ko ɗaya: a auna kowane mataki, a fasa tudu da giranda, a cike kwari da siminti mai ƙarfi, a tabbatar da ma'aunin lebur cewa saman matakin a kwance yake, a kuma tabbatar da sukwaya cewa kusurwar bakin a tsaye take. Bakin da ya gutsire sai an gyara shi ya bushe sosai, domin sandar da ƙarƙashinta yake da rami za ta riƙa lotsawa duk lokacin da aka taka ta, har ranar da za ta tsage.

Game da awon kansa, akwai tsohuwar ƙa'ida da ake dangantawa da François Blondel, masanin gine-gine na Faransa a ƙarni na 17, wadda take cewa idan aka ninka tsawon mataki sau biyu aka haɗa da faɗinsa, jimlar ta kusanci takun mutum guda, wato wajejen santimita 63. Mataki mai tsawon santimita 17 da faɗin 28 ya faɗa cikin wannan lissafi. Gana tana da dokokinta na gini da kundin ƙa'idojin gini GS 1207 da aka ƙaddamar a 2018, kuma su ne injiniya zai duba idan ginin na jama'a ne. Sai dai da yake yawancin sandunan da ake sayarwa an ƙera su ne bisa awon ƙasashen waje, yana da amfani a san abin da kundin gidajen zama na Amurka ya tanada: tsawon mataki kada ya wuce milimita 196, faɗinsa kada ya gaza 254, fitowar baki ta tsaya tsakanin milimita 19 da 32, sannan bambancin da yake tsakanin mataki mafi tsawo da mafi gajarta a jeri ɗaya kada ya wuce milimita 9.5.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. Ƙafar mutum tana koyon tsawon mataki daga takun farko da na biyu, daga nan sai ta ci gaba da ɗagawa daidai wannan gwargwado ba tare da ido ya duba ba, har ta kan wuce saman baki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mataki ɗaya da ya fi 'yan'uwansa da santimita guda ya isa ya sa tuntuɓe. To ga inda falanki yake jawo matsala ba tare da an lura ba. A ce an ɗora filawud mai milimita 12 a kan kowane mataki don a daidaita shi, sannan aka ɗora laminet mai milimita 8, kowane mataki ya tashi da milimita 20. Matakan tsakiya ba su canza ba, tunda duk sun tashi tare. Amma idan falon ƙasa yana nan da tsohon tayil ɗinsa, matakin farko ya ƙaru da milimita 20, idan kuma ba a taɓa daɓen sama ba, matakin ƙarshe ya ragu da milimita 20. An samu bambancin milimita 40 ke nan tsakanin na farko da na ƙarshe, a daidai wurare biyun da mutum yake shiga matakala yake kuma fita daga cikinta. Wannan lissafi da fensir da takarda ake yin sa tun kafin a sayi kaya, kuma wani lokaci amsarsa ita ce a fasa filawud ɗin, a daidaita kankaren kai tsaye, a zaɓi siririn falankin roba.

Sai batun danshi. Kwana 28 da magina suke ambata na ƙarfin kankare ne, ba na bushewarsa ba, kuma sabon gini yakan ɗauki watanni yana fitar da ruwa, balle idan a damina aka zuba shi. Akwai gwaji mai sauƙi wanda kowa zai iya yi: a yanka leda mai kauri kamar santimita 45 a kowane gefe, a manne gefunanta huɗu da salatif a kan matakin, a bar ta ta kwana. Idan da safe aka tarar da raɓa a ƙarƙashinta, ko wurin ya yi duhu fiye da kewayensa, to lokacin manna falanki bai yi ba. A fi mai da hankali ga matakai biyu ko uku na ƙasa, waɗanda suke kusa da tushen gini, domin su ne suke jan danshi daga ƙasa. Kayan su ma ana shigo da su cikin gidan a kwantar da kwalayen su yi sa'a 48 kafin a yanka, don su saba da iskar wurin.

Idan tsohuwar matakala ce mai tarazo ko tayil wadda bakinta ya riga ya fito ya yi zagaye, sandar ba za ta zauna a kai ba, saboda cikinta kusurwa ce miƙaƙƙiya. Ko dai a yanke fitowar da giranda, ko a cike fuskar matakin da take ƙarƙashinta har ta zo daidai da ita. Tayil mai sheƙi kuma sai an kankare shi ya yi kaushi, wanda kuma yake ƙarar rami idan an ƙwanƙwasa shi sai an cire shi.

Wajen saye, sandunan sukan zo da tsawon kusan mita 2.4, don haka ɗaya tana isar matakai biyu idan faɗin matakalar bai wuce mita 1.2 ba. Bene mai tsawon mita 3 yakan ɗauki matakai 17 ko 18, wato sanduna tara, a ƙara ɗaya ko biyu saboda kuskuren yanka da gyaran gaba. Abin da ba a yi shi ne haɗa guntaye biyu a tsakiyar mataki don a rage kuɗi, domin tsakiyar nan ce hanyar ƙafa. Kuma a sayi sandar rana ɗaya da falankin, daga kamfani ɗaya, a gwada su a cikin shagon a ga kaurinsu ya zo ɗaya. Sau da yawa mai shago yana da daɓen ba shi da sandarsa, sai ya ce, «Alhaji, ga wata mai kama da ita, ba wanda zai gane.» Ta fuskar launi yana iya yin gaskiya, amma idan kaurin ya bambanta da milimita biyu, ƙafa za ta gane.

Ana fara aikin ne a bushe, ba gam. A auna kowane mataki shi kaɗai, gaba da baya, saboda bangon gefe ba ya tafiya a miƙe, a yanka fuskar matakin da samansa da sandarsa, a jera su a wurinsu a gani, a rubuta lambar matakin a bayan kowane yanki. Idan sandar mai lebur ɗaya ce, ita ce take fara zama, sannan a auna abin da ya rage daga bayanta zuwa fuskar mataki na gaba. Faɗin falanki ɗaya yakan kasance santimita 18 zuwa 20, don haka wani lokaci shi da sandar sun isa su rufe matakin, wani lokaci kuma sai an ƙara siririn yanki. Idan za a ƙara, a kai shi can baya inda ba a cika takawa ba, cikakken falankin ya zauna a gaba. Zarto mai ƙananan haƙora ake amfani da shi, a liƙa salatif a kan layin yankan don kada shafin sama ya ɓare. Falankin roba da yake zuwa da soso manne a bayansa kuwa, yawancin masu ƙera shi suna cewa a kankare soson kafin a sa gam, in ba haka ba soson ne zai manne da kankare, falankin kuma ya riƙa rawa a kansa.

Kafintoci sun rabu a kan ta inda ake farawa. Masu farawa daga ƙasa suna da hujja, domin fuskar kowane mataki tana sauka ne a kan saman na ƙasa da shi ta rufe bakin yankansa, aikin ya fito da tsabta. Masu farawa daga sama su ma suna da tasu, domin ba sa taka abin da suka manna yanzu. A ganina, a gidan da ba kowa a ciki a fara daga sama a gangaro a fita a rufe ƙofa. A gidan da iyali suke ciki kuma matakalar ɗaya ce, babu dabarar da ta wuce a zaɓi ranar da za a iya hana hawa gaba ɗaya, ko da kuwa za a kwana a ƙasa.

Gam shi ne inda araha take yin ɓarna mafi girma. Gam ɗin gwangwani mai ƙarfin wari, wanda ake manna fomaika da tafin takalmi da shi, yana kamawa nan take har mutum ya ɗauka aiki ya yi, amma siriri ne, ba ya cike ɗan ramin da yake tsakanin sanda da kankare, ba ya ba da damar gyara zama idan an ɗora a karkace, kuma sinadarin da yake cikinsa yana iya taɓa wasu nau'o'in roba. Farin gam na kafinta na katako da katako ne, ba ya riƙe siminti. Silikon na toshe kafa ne, ba na ɗaukar nauyi ba. Abin da ya dace shi ne gam ɗin gini mai kauri da ake matsawa da bindiga, irin na foliyuritan ko makamancinsa, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana kama kankare, kuma yana da ɗan sauran laushi bayan ya bushe. A goge bayan sandar da sanfefa ya yi kaushi, a share ƙura daga ita da matakin har sai hannu ya shafa bai ɗauko komai ba, a zuba gam ɗin a zagaye-zagaye a ɓangaren da zai kwanta a kan matakin da kuma cikin kusurwar, a danna daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan a ɗaure ta da salatif ɗin takarda, a ɗora mata nauyi kamar ƙaramin buhun yashi, a goge abin da ya fito tun yana ɗanye, a bar ta aƙalla sa'a 24.

Sandar alminiyam kuwa, da duk wadda take hawa kan layin ƙarfe da ake fara kafawa, tana buƙatar sukuru baya ga gam. A kankare ana huda rami ne da injin huda, a sa filogin roba, a ɗaura sukurun a tazarar da ba ta wuce santimita 25 zuwa 30 ba. Hatsarin shi ne ramin yana kusa da baki, inda kankare ya fi rauni, kuma idan aka sa injin a yanayin duka da ƙarfi sai kusurwar ta ɓalle. A fara a hankali, kuma idan wuri ya gutsire a gyara shi a jira, kada a cusa tsinken ashana ko guntun katako a ramin a wuce, domin wannan gyara ne na 'yan makonni.

Matakin ƙarshe na sama shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne dokokin nan biyu suke haɗuwa a zahiri. A bayansa akwai daɓen baranda ko falon sama, mai faɗin mita da yawa, yana kumbura yana tsukewa da yanayi. A gabansa kuma akwai gangaren matakala. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manne sandar a jikin falankin da yake sake. Idan aka yi haka, ɗayan abu biyu zai faru: ko dai sandar ta riƙe daɓen ta hana shi motsi, damina ta zo ya tashi a wani wuri ko haɗinsa ya buɗe, ko kuma daɓen ya fi ta ƙarfi ya riƙa jan ta yana tura ta har gam ɗin ya saki. Na biyun ya fi muni, saboda sandar da ta saki a saman bene ba ta nuna alama sai an taka ta. Hanyar da ta dace ita ce a yi amfani da sanda mai leɓe, a kafe gindinta a jikin kankare kawai, a tsayar da falankin nesa da gindin da ratar nan ta milimita 8 zuwa 10, leɓen ya hau kansa ya rufe ratar ba tare da ɗigon gam ko ɗaya ya shiga tsakaninsu ba. Daɓen yana zamewa a ƙarƙashin leɓen, sandar kuma tana nan daram.

Akwai wani ɗan abu da ake mantawa da shi a nan. Daɓen sama yana kan soso mai milimita 2 ko 3, sandar kuma tana kan kankare tsirara, don haka tsawonsu ba zai zo ɗaya ba sai an sa mata siririn abu mai tauri a ƙarƙashi wanda ya kai kaurin soson. Wasu kamfanoni suna sa wannan ɗan yanki a cikin kunshin, wasu kuma sai kafinta ya yanka da kansa. Ba a shimfiɗa soson ya shiga ƙarƙashin sandar don a cike gurbin, saboda abu mai laushi a wannan wuri yana nufin motsi. Mai gidan da ya ƙi jinin tudun leɓen, ya nace sai mai lebur ɗaya har a sama, yana da mafita guda: a manne daɓen barandar duka da gam kamar matakan, a raba shi da na ɗakuna da sandar rata a bakin kowace ƙofa. A ƙaramar baranda wannan yana yiwuwa, a babban falo kuwa tsadarsa da wahalarsa sun fi amfaninsa.

Matakalar da gefenta ɗaya yake a buɗe tana buƙatar sandar ta juya kwana ta rufe gefen, ana yanka kusurwa mai digiri 45 a haɗa, kuma wannan haɗi shi ne yake fara buɗewa idan yankan bai zauna ba. Matakan kwana masu siffar yankan burodi ba a auna su da tef, ana yanka kwali daidai siffarsu ne a ɗora a kan falanki a zana. Ƙarfen dafawa kuma, wanda masu walda suke kafawa a jikin matakan, a gama shi tas har da fenti kafin falanki ya shigo, domin tartsatsin walda ɗaya yana barin tabon da ba ya goguwa.

Launi ma yana da ruwa a cikin maganar. Masu gida sun fi son sandar ta saje da falankin har a kasa gane inda mataki ya ƙare, kuma a hoto hakan yana da kyau. Amma mai saukowa yana kallon matakan ne daga sama, inda duk suke haɗewa su zama shimfiɗa ɗaya idan launinsu ɗaya ne, balle da asuba ko lokacin da aka ɗauke wuta. Dokar gini ta Ingila tana neman a gine-ginen jama'a a sa wa bakin kowane mataki layi mai bambancin launi, faɗinsa milimita 55. Ba a tilasta wa gidan zama haka ba, amma gidan da yake da tsofaffi masu raunin gani, ko yara masu hawa da sauka a guje, ya fi dacewa da sanda mai duhu a kan falanki mai haske, ko akasin haka. Haka nan falanki mai ɗan kaushi ya fi mai sheƙi aminci, musamman a gidajenmu inda ake hawa da ɗanyar ƙafa bayan alwala, ko da safa, ko da silifas mai santsi.

Ga wanda bai samu sandar kamfani ba, ko bai yarda da ƙarkonta ba, Kumasi gari ne na katako, kuma kafintocin Sokoban, inda aka mayar da masu aikin katako na unguwar Anloga, suna iya fere ta daga itace na gaske, da gurbin da falankin zai shiga. Itacen odum ya fi dacewa saboda taurinsa da juriyarsa ga gara, ko da yake ya yi wuya ya kuma yi tsada, kuma itacen tik ma yana yi. Itacen da ake kira wawa ba ya yi, domin yana da laushi, ƙwari kuma suna son sa. Sharaɗin shi ne itacen ya bushe sosai, wanda aka busar a inji ya fi, saboda ɗanyen katako zai murɗe a hunturun farko ya ɗaga kansa daga gam. A shafa masa banish a dukan fuskokinsa har da bayan da ba a gani, a kuma zagaye kusurwar gaban kaɗan kawai, kada ta yi zagaye da yawa ƙafa ta riƙa sulɓewa. Irin wannan sanda tana da fifiko ɗaya a kan ta laminet: idan ta goge ana iya kankare ta a sake shafa mata banish a wurinta.

Akwai wuraren da ban ga dalilin sa falanki a matakalarsu ba ko kaɗan. Matakalar waje ta gidajen haya masu tsakar gida, wadda ruwan sama yake duka kuma ake hawa da bokitin ruwa, da matakalar masallaci da take kusa da wurin alwala, da ta shago mai bene inda ake jan kaya, duk tarazo mai tsagi a baki ko tayil mai kaushi da sandar alminiyam sun fi musu. Laminet musamman ba ya jure ruwa a yankakken gefensa, kuma kowane mataki yana da irin wannan gefe a ɓangarori huɗu.

Bayan an gama, ana tsaftace matakalar ne da tsumma da aka matse sosai, ba a kwara mata ruwa daga sama yadda aka saba yi wa ta siminti. Siririn layin silikon a inda falanki ya haɗu da bango da inda fuska ta haɗu da saman mataki yana hana ruwan shara shiga, amma ban da ƙarƙashin leɓen sandar sama, wanda dole ya zauna a sake. Sau biyu a shekara, a ƙarshen hunturu da tsakiyar damina, a bi matakan ɗaya bayan ɗaya a danna bakin kowanne da ƙafa a kuma ƙwanƙwasa shi. Wanda ya yi ƙarar rami, ko ya lotsa, ko aka ga siririyar tsaga ta buɗe tsakaninsa da falankin, a cire shi a kankare tsohon gam ɗin har a kai ga kankare mai tsabta sannan a sake mannawa, domin sabon gam a kan tsoho ba ya kamawa. Ragowar sandar da aka saya kuwa a ajiye ta a kwance a busasshen wuri tare da 'yan falankai, saboda kamfanoni suna sauya launi da siffar makulli, kuma bayan 'yan shekaru da wuya a sake samun irinta a kasuwa.